Ambulan Biyu

Ambulan biyu a kan teburin kicin.
Ɗaya mai nauyi, da tambarin ruwan zinariya,
ɗaya siririya, ko sunanmu ba ta iya rubutawa ba:
Orosco, suka sa, alhali Orozco muke.

Dariel na zaune, ƙanƙara ɗaure a kafaɗa,
tana narkewa tana ɗiga a kan tayil.
Shekara goma sha ɗaya ina tsugune bayan gareji
ina cafe masa ƙwallon besbol.
Babban yatsana na hagu ya lanƙwashe, bai sake miƙewa ba,
shi ne kaɗai takardar shaidata a wannan fanni.

Mai nauyin ta jami'a ce.
Sun zaga da mu filin da ciyawarsa ta fi katifarmu laushi,
kujeru dubu shida,
fitilu kamar rana ta manta ba ta faɗi ba.
Kashi ɗaya cikin huɗu za su biya.
Sauran ukun na lissafa a bayan takardar kuɗin wuta:
rufin gida arba'in da biyu duk shekara,
in gwiwoyina sun yarda,
in guguwar bazara ta yaye wa maƙwabta kwano, ta kawo min aiki.
Masu jifa goma sha tara gare su,
na ƙirga a hoton bango tun kocin na magana.
Ɗana zai zama na ashirin,
ya ɗumama benci da riga mai kyau.

Siririyar daga yammacin Kansas ta fito,
kwalejin shekara biyu, kusa da turken shanu.
In iska ta juyo, ba sai an faɗa maka inda kake ba.
Koci Brandvold da kansa yake jan layin fili da farin ƙasa,
da kansa yake tuƙa bas awa tara zuwa wasa.
Ya ce: kuɗin makaranta, littattafai, gado, duk namu ne.
Ƙwallo kuma zan miƙa masa tun Fabrairu,
ya jefa cikin sanyi har yatsu su san kansu.
Bayan shekara biyu, manyan su dawo da farashi na gaskiya.
Ko kada su dawo.
Wannan ma ya faɗa, bai kau da ido ba.

Uwarsa, Noemi, mai nauyin take shafawa.
Ita da ta tsaya a aji tara,
tana so ta ga sunan nan liƙe a gilashin mota.
Ban ga laifinta ba.
Na ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.
Ta ce, wane ne ƙwan, wace ce kazar?
Na yi shiru.

Daren Talata, yaron ya ɗauki waya,
tambaya ɗaya ya aika wa kowannensu:
In jijiyar gwiwar hannuna ta tsinke, sai yaya?
Ban san yana ɗauke da wannan tsoron ba.
Ni da nake gabansa tsugune duk shekarun nan,
ƙwallon kawai nake kallo.

Jami'a ta amsa ran Juma'a, ta bakin mataimaki,
layi huɗu masu ladabi, ba e ba a'a.
Brandvold ya kira cikin minti goma, ana jin injin yankan ciyawa:
Sai ka riƙe min littafin maki, ka ci gaba da shiga aji.

Har yanzu bai sa hannu ba.
Wa'adi jibi ne.
Ya kwance ƙanƙarar, ya juya kafaɗa sau biyu,
ya ce, Baba, da sauran haske.
Na ɗauko tsohuwar safar fata,
na bar ambulan biyun da uwarsa,
na fita, na tsuguna.